Gidan Alhaji Badaru a Kwali

Alhaji Badaru ya kwantar da ɗiyar ƙanwarsa a cikin mangazar isansi, wato ɗakin ajiyar man fetur, tsakanin jarkoki, kuma duk unguwarmu a nan Malanville ta san haka. Rumfar da nike facin taya tana jingine da bangon mangazar. Na yi mishi magana sau ɗaya, ya ce in kula da tayoyina.

Sunan yarinyar Zulfa. Uwarta Hasiya ta kawo ta daga Madekali bisa sharaɗi guda: ta yi aikin gida, shi kuma kawunta shi sa ta lakwal, makarantar boko. Ya sa ta, wannan ba a musu. Tana aji na biyu a kolej, kuma ta san ranar da ta buɗe baki ta yi ƙorafi, ranar za a ɗora ta a kabu-kabu a maida ta gonar albasa. Don haka ba ta buɗe ba.

Alhaji shina sayar da man da ke shigowa daga Najeriya ta ruwa. Mai irin wannan ba a barinsa shi kaɗai, don ɓarayi kan huda bango su zura tiyo. Mai gadi na waje kuma shi ma ɓarawo ne, ko mai surutu. Ɗiyar gida ba ta sata, ba ta surutu. Mangazar tana da taga a da, Alhaji ya sa anka toshe da bulo don kada wari shi fita titi shi kai hancin 'yan duwan masu kama kayan fasa-ƙwauri. Ba a shiga da fitila, ba a kunna maganin sauro. Da safe, kafin ta sa kakinta na lakwal, Zulfa ke ɗura man a kwalabe da mazurari da tsumma, ta jera su a tebur bakin titi. A aji yara suna ce mata Tasha, wato gidan mai. Wanda ke zama kusa da ita ya roƙi a sauya mishi benci.

Ciwon kai ne ya fara. Hajiya Rakiya, matar Alhaji, ta ce yawan karatu ne. Tari ya biyo, ta ce ƙanƙarar da take sha a hanya ce. Wata maƙwabciya ta ce ko a gwada fitar da ita daga ɗakin.

Hajiya ta ce, "Ke ba ki san komi ba. Duk gidan ga ita ɗai ta ba ta zazzaɓi. Ko sauro guda ba shi shiga ɗakin nan. Mu da muke kwana da hwanka, mu adda wahala."

Gaskiya ne, sauro ba shi shiga.

A haka malamar zane, Madam Habsatou, ta ba su aiki. Kowa shi gina gidansu da kwali da takarda, ɗaki ɗaki, da rufin da ake ɗagawa a ga ciki. Ta ce kada kowa shi kawo mata gidan talabijin, gidan da mutum ya kwana ciki take so.

Zulfa ta zo rumfata bayan la'asar.

"Baba, ina son kwalin tayar keke, da tsohuwar reza in akwai."

"Mi za ki yi da su?"

"Gida."

"Na wa?"

"Na Kawu."

"Shina da guda ai."

Ba ta yi dariya ba. Ba ta cika dariya ba, don dariya na tayar mata da tari. Na ba ta kwalin da rezar, na matsar mata da benci, daga nan kuma kullum in ta gama wanke-wanke a nan take zama kafin magariba.

Na ga yara suna irin wannan aikin, su manna akwati huɗu su ce gida ne. Zulfa ba haka ta yi ba. Sai da ta auna kowane bango na gidan da igiyar shanya, ta ninka igiyar, ta sake ninkawa, har ta zama tsawon yatsa, sannan ta yanka. Ta dama garin rogo a gwangwanin tumatir ta yi abin manni. Ta gano cewa in ka jiƙa fuskar kwali guda ka ɓare ta a hankali, abin da ke ciki shina da kwari-kwari kamar kwanon rufi, da shi ta rufe ɗakunan. Ta yi firjin Hajiya da kwalin ashana. Ta yi farantin talabijin na bisa rufi da murfin kwalba, ta lulluɓe shi da takardar azurfa ta cikin kwalin shayi. Ta yi randa, ta yi murhu da duwatsunsa, ta yi turken ragon Alhaji da 'yar rumfarsa. Ta yi ɗakin baƙi, wanda ake kullewa sai in fataken Kamba sun zo, da katifarsa da labulensa.

Jarkokin ne sunka ci mata lokaci. Ta tsinto takardun dunƙulen miya masu rawaya daga bola, ta wanke, ta shanya, tana naɗe kowace a kan guntun kwali, har da hannun ɗauka da murfi. Hannunta ya fara rawa a lokacin. Sai ta kama reza, ta tsaya, ta jira rawar ta lafa, ta yanka. Wani lokaci jiran ya fi yankan tsawo. Yatsunta duk sun yi tsaga.

Na ce, "Ki yi biyar mana, wa zai ƙirga?"

Ta ce, "Ba biyar ba ne, Baba."

Sauran yara sunka yi ta kuka da kyankyaso da ɓera, suna cinye musu manni cikin dare. Na Zulfa ba abin da ya taɓa shi. A mangaza take ajiye shi, kuma can ba abin da ke rayuwa.

Wata safiya ta faɗi a bakin tebur, kwalba a hannu. Man ya zube. Hajiya ta fito da gudu ta ɗaga kwalbar, ta duba abin da ya rage, sannan ta ce a yayyafa wa yarinyar ruwa. Alhaji ya ce aljanun bakin ruwa ne, ya sa anka rubuto mata sha. Ta sha, ta sa kaki, ta tafi lakwal a makare, anka sa ta sharar fili.

Ranar da gidan ya haɗu, Alhaji ya dawo daga masallaci ya same shi bisa bencina, rufinsa a rufe. Ya tsaya. Ya sunkuya. Ya kira abokansa biyu.

"Ku diba! Gidana na! Ga ƙyauren, ga faranti, har rago. Zulfa, ƙyauren ga ya yi ƙarami, nawa ya hi haka girma."

"Na auna, Kawu."

"To ki ƙara mishi kaɗan. Mutane za su gani."

Ya ɗauki hoto da tarho, ya tura wa abokan kasuwancinsa na Gaya. Ya ce jininsu ne, kakarsa ma ta iya saƙar faifai. Ya ba Zulfa biredi da madara, abin da ban taɓa gani ba. Bai san rufin na ɗagawa ba.

Hajiya ce ta ɗaga shi. Ta fito karɓar canji wajen yaron da ke sayar da kwalaben mai, ta ga abin, ta sa yatsa ta taɓa, rufin ya zame. Ta ga ɗakinta da gadonta da akwatunanta, ta ji daɗi. Sai idonta ya kai lungu. Jarkoki masu rawaya a jere har sama, bango huɗu ba taga, a tsakiya kuma 'yar tabarma da anka saƙa da siraran takarda, da ɗan zane a ninke wajen kai.

"Mi na wanga?"

"Tabarmata ta, Inna."

"Na gani ai, ba makauniya nike ba. Wa ya ce ki sa ta?"

"Madam ta ce inda mutum ke kwana."

"Madam ke ciyar da ke? Ɓamɓare ta. Maida ta ɗakin baƙi, bisa katihwa."

Zulfa ta dubi ɗakin baƙi na kwali. Na gasken bai taɓa buɗuwa gare ta ba sai ranar shara.

"Jarkokin hwa?"

Hajiya ta yi tunani. Ta ce a bar su, kowa ya san Alhaji mai arziki ne. Zulfa ta sa reza ta ɗaga tabarmar a hankali don kada ta yage, ta manna ta a ɗakin baƙi. Hajiya ta tsaya a kanta har mannin ya kama, ta ce yanzu ya yi kyau, ta koma ciki.

Abin da ya faru a aji Madam Habsatou ce ta gaya mini da bakinta, ranar da ta kawo mashin ɗinta faci. Ta ce anka jera gidaje bisa tebura, tana bi tana ɗaga rufi. Da ta zo kan na Zulfa ta daɗe tana dubawa, yara sunka taru. Ta ce tun da take koyarwa ba ta ga hannu irin wannan ba. Sai ta nuna lungu.

"Kin manta taga a nan."

"Babu taga, Madam."

"Rumhwar rago tana da taga."

"I, tana da."

Madam ta ƙara dubawa. Tsakanin jarkoki akwai fili dogo siriri, da busasshen manni a ƙasa, shatin abin da anka ɓamɓare.

"Nan hwa, mi ya sa kika bar wuri?"

"Nan nike kwana."

"Tabarmar ga tana ɗakin can."

"Ita anka ce in ɗauke, Madam. Ni ba a ce ba."

Wani yaro ya ce, "Shi ya sa Tasha ke wari!" Aji ya fashe da dariya. Madam ta kore shi waje, ta rufe rufin, ta ɗauki Zulfa a mashin ta kai ta likita. Ma'aikacin jinya ya saurari ƙirjinta, ya duba idonta da hannuwanta, ya tambayi inda take kwana. Ya ce maganin farko shi ne kada ta sake kwana wurin, sauran magunguna duk bayan wannan suke.

Da yamma Madam ta zo gidan. Alhaji ya sa anka shimfiɗa mata darduma a zaure, anka kawo lemo mai sanyi. Zauren shina kallon rumfata, ban rasa ko kalma ba.

Ta yi gaisuwa yadda ta kamata, ta tambayi kasuwa, ta tambayi iyali, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta.

Alhaji ya ce, "Madam, kin san yadda garin ga ya koma tun da anka ruhe gadar iyaka ta Gaya. Kowa na maleji. Abin ga na ɗan lokaci na, da an buɗe hanya zan gina mata ɗaki."

"Tun kahin a ruhe gada take can, Alhaji. Ita ta hwaɗa mini."

"To kin ji. Yarinyar da anka ɗauko daga ƙauye ba takalmi."

"Akwai ɗakin baƙi."

"Na baƙi na."

"Yaushe rabon da a yi baƙo?"

"In ya zo hwa? In ce shi kwana ina? Madam, ke ba 'yar kasuwa ba ce."

Hajiya ta leƙo daga bayan labule. "A Madekali da awaki take kwana. Nan siminti na ƙasanta. Ku tambaye ta in ta taɓa kwana da yunwa."

Madam ta ce, "Ƙirjinta ya taɓu, Hajiya. Hannunta na rawa. Shekarunta goma sha uku."

"Uwarta ma haka take, raguwa ta tun tana ƙarama," in ji Alhaji. "Jini na. Ni shekara nawa ina shaƙar isansi? Ki dube ni."

Madam ta dube shi. Ta ce in zuwa Juma'a ba a sauya wa yarinyar wurin kwana ba, za ta kai maganar ofishin kula da yara, su zo su gani da idonsu. Ta tashi, ba ta taɓa lemon ba.

Su zo su gani da idonsu, wannan kaɗai Alhaji ya ji. Kafin gari shi waye sosai anka kawo amalanke, anka kwashe jarkokin zuwa gidan wani abokinsa a bayan kasuwa. Zulfa ta taya ɗauka. Anka wanke mangazar da sabulu, anka zuba buhunan masara biyu a ciki, anka buɗe ƙofa tana shan iska. Anka buɗe ɗakin baƙi, anka ce Zulfa ta kwana bisa katifa.

Ta kwana uku a can. Ta ce mini ba ta iya barci sosai, wurin ya yi taushi da yawa, amma kanta ya daina sarawa da safe. Ranar Juma'a Madam ta zo da wata mata daga ofishin, sunka ga masara, sunka ga katifa, sunka ga tabarma a naɗe a gefe. Matar ta rubuta abin da ta rubuta, ta ce Alhaji ya kyauta. Alhaji ya raka su har bakin titi shina cewa ai ilimin ɗiya mace shi ne gaba da komi.

Ranar Asabar ya aika Madekali a kira Hasiya.

Ta zo ranar kasuwa, da ƙura har gwiwa, da 'yar jakar kuɓewa busassa ta tsaraba. Ta durƙusa a zaure gaban wanta. Bai ce ta tashi ba.

"Ɗiyarki ta auna gidana da igiya, ta kai ma gwamnati."

"Yaya, yarinya ta, ba ta sani ba."

"Ta sani. Har murhin jarka ta yi. Na ciyar da ita, na tuhwatar da ita, na sa ta lakwal, ta ɗauki cikin gidana ta aza bisa tebur yara na dariya. Abokaina na Gaya na da hoton a tarho. Da hannuna na tura musu."

"Ka yi haƙuri, Yaya. Ka buge ta, amma ka bar ta ta ƙare karatu. Ke, zo ki ba kawunki haƙuri."

Zulfa ta durƙusa kusa da uwarta. "Kawu, ka yi haƙuri. Zan koma mangaza. Ba ni sake hwaɗa ma kowa. Ka bar ni in yi jarrabawa."

"Kin ji ko? Ita da kanta ke son ɗakin. Ni anka maida azzalumi."

"Zan ɓata gidan, Kawu. Zan ƙone shi."

"An riga an gani."

Hajiya ta fito da kayan Zulfa a ƙulle cikin zane. Kakin lakwal ba shi ciki, ta ce da kuɗin Alhaji anka ɗinka shi. Hasiya ta yi ta godiya, ta gode da abinci, ta gode da riƙo, ta roƙi kada wannan shi ɓata zumunci, don Alhaji ne ke ba mijinta man injin ban-ruwa duk rani. Alhaji ya ce shi ba mai riƙe abu a zuciya ba ne.

Zulfa ta biyo ta rumfata ta ajiye mini rezar bisa benci. Na ce ta riƙe. Ta ce ba abin da za ta yanka a can. Kabu-kabu ya ɗauke su su biyu.

Madam Habsatou ta zo ranar Litinin da ta ga bencin Zulfa a aji ba kowa. Alhaji ya ce uwar yarinya ta zo ta ɗauki abinta, shi ina ruwansa, ko zai hana uwa ɗiyarta? Madam ta je ofishin, anka ce tunda yarinya na hannun iyayenta magana ta ƙare. Ta hau mashin har Madekali. Hasiya ta ɓoye a ɗaka, uban ya ce sun gode, amma a ƙyale su haka, abin da lakwal ta ja musu ya isa. Madam ta ga Zulfa daga nesa a cikin fadama, tana dashen albasa. Ta ce shukar na zamewa daga yatsunta, tana sunkuyawa tana tsinta. A Malanville kuma ba gidan da zai karɓe ta, labari ya zaga cewa yarinyar tana auna gidan mutane.

Gidan kwalin shina ofishin daraktan lakwal bisa kabad. In baƙi sun zo ana nuna musu, a ce aikin ɗalibarmu ne. An manne rufin don kada yara su ɓata.

Jarkoki sunka dawo kafin sati shi zagayo. Alhaji ya gwada mai gadi, ya kore shi, ya ce man na raguwa. Ya gwada kwana da kansa a bakin ƙofa, ya tashi da ciwon kai, ya ce shi ba yaro ba ne. Rani ya matso, injin ban-ruwa na Madekali shina jiran mai.

Ranar wata kasuwa Hasiya ta sake sauka daga kabu-kabu, da wata yarinya riƙe da gefen zanenta. Basira, ƙanwar Zulfa, shekarunta takwas. Hasiya ta durƙusa a zaure ta ce wagga mai hankali ta, ba ta da magana. Alhaji ya dubi yarinyar sama da ƙasa.

"Ta iya rubutu?"

"A'a, Yaya."

"Zane hwa?"

"Ba ta iya komi ba."

"Madalla. Wagga ba lakwal. Mun ga abin da ake koya musu."

Hasiya ta ce yadda ya gani shi ne daidai. Ta yi godiya, ta karɓi jarka guda ta man inji, anka ɗaure mata a bayan mashin inda Basira ta zauna da zuwa.

Basira ba ta kai tsawon tebur ba, sai ta taka bulo take jera kwalabe. Filin da ke tsakanin jarkoki ya yi mata yawa, don haka anka ƙara jarka biyu. Bango guda ne tsakaninmu, in na zo buɗe rumfa da safe ina jin ta. Ta fara tari tun kafin a cire albasa.